Idan ƙwai ya maƙale wa mesa: yadda za ka gane da abin da za ka yi

Matan ƙauyenmu da ke gefen Birnin Kudu sun san abin da ake yi wa kaza idan ƙwai ya tsaya mata. A shafa mata man gyaɗa a dubura, a kara ta a tururin ruwan ɗumi, a ɗan shafa cikinta, sau da yawa kafin la'asar ƙwan ya faɗo. Da wannan sanin na tunkari mesata ta farko ranar da ta zuba ƙwai huɗu ta tsaya, na biyar yana nan a kumbure ɗan sama da mafita, wato duburarta. Na shafa mai, na sa babban yatsa na rinƙa turo shi ƙasa a hankali. Na ji ya motsa, har na yi hamdala. Bayan kwana huɗu ta mutu. Da likitan dabbobi ya buɗe cikinta sai ya nuna mini jakar ƙwan a yage, ruwan ƙwai ya zuba cikin jikinta ya ruɓe. Ya ce mini, "Malam, da ka bar ta ka kawo ta yadda take, da akwai abin da za a gwada." Har yau maganar nan tana raina, ita ce ma ta sa nake wannan rubutu.

Abin da zan faɗa ya shafi macizan da ba su da dafi kawai: mesa babba, da ƙaramar mesan nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, sai kuma baƙin macijin gida mai cin ɓeraye. Kububuwa da gamsheƙa ba abin kamawa a duba ciki ba ne, ko da kuwa ka gaji wasa da maciji daga kakanni. Kasa ma ba ta yin ƙwai a waje, 'ya'ya take haifa. Lissafin kwanakin da zan bayar na ƙaramar mesa ne, domin ita na fi sani.

Dalilin da ya sa ba a matsa mata

Ƙwan kaza ɗaya ne, ɓawonsa mai tauri, hanyar da yake bi kuma gajera ce mai kauri. Na maciji daban. Ƙwayayen suna jere ne ɗaya bayan ɗaya a cikin dogayen jakunkuna biyu, dama da hagu, kuma idan jakar ta cika sai ta yi siriri har ana ganin abin da ke ciki. Ɓawon ƙwan kamar fata yake, yana da laushi, yana da danƙo. Muddin ƙwai yana tafiya a kan lokacinsa, santsin da ke cikin jakar yana taimaka masa. Idan ya tsaya kwana biyu ko uku, santsin ya bushe, sai ɓawon ya manne wa jakar. To ka tura ƙwan da ya manne, ba shi kaɗai zai motsa ba: ko dai jakar ta yage, ko ta biyo shi waje. Motsin da na ji a ƙarƙashin yatsana ke nan.

Maƙalewar iri biyu ce. Akwai wadda hanya ce ta toshe: ƙwai ya yi girma fiye da ƙima, ko biyu sun haɗe, ko ya karkace, ko akwai ƙari ko tabon wani tsohon ciwo. Akwai kuma wadda hanya a buɗe take amma uwar ce ba ta da ƙarfin naƙuda, ko kuma ta riƙe da gangan saboda ba ta sami inda hankalinta ya kwanta ba. A wurinmu ta biyun ta fi yawa, kuma ita ce wadda mai kiwo yake da iko ya hana tun kafin ta zo.

Mataki na farko: kafin ka haɗa ta da namiji

Ka ɗora ta a sikeli. Masu kiwon ƙaramar mesa ba sa haɗa mace sai ta kai kamar shekara 3 kuma nauyinta ya kai wajen giram 1,500. Wadda ba ta kai ba tana iya ɗaukar ƙwai, amma jikinta bai buɗe yadda zai wuce ba. Sikelin masu awon hatsi na agogo ya isa: ka sa ta a jakar ƙyalle, ka auna, ka cire nauyin jakar.

Nauyi kaɗai bai isa ba. Ka ɗauke ta ka ji yadda take riƙe hannunka. Mai lafiya tana kama ka da ƙarfi, jikinta a murɗe. Wadda ta shekara a ƙaramin akwati, kamar yadda gardawa da yawa suke ajiye nasu, ana ɗura mata gafiya ba ta motsi, za ka ji ta lugub, kitse ya taru a gefen wutsiya. Irin wannan ita ce take gajiya a tsakiyar zuba ƙwai. Ka ba ta wuri mai faɗin da za ta miƙe, ka sa mata itace mai kauri da za ta hau, ka rage yawan ciyarwa na wasu watanni. Ramammiya kuwa, wadda ƙashin bayanta ya fito kamar tudun kunya a gona, a bar ta wannan shekara.

Abincinta ya zama dabba sukutum, da ƙashi da kayan ciki. Wanda yake ba macijinsa yankan nama daga mahauta yana hana shi sinadarin ƙashi, wato kalsiyam, kuma da shi tsoka take naƙuda, da shi ake yin ɓawon ƙwai. Kada ka ba ta ɓeran da aka tsinto a rumbu ko shago inda ake zuba maganin ɓera. Ka cire mata kaska idan akwai, ka duba bakinta ko da kumfa ko majina, domin sanyin hunturu yana sa su ciwon huhu, kuma mai ciwon huhu ba ta da abin yi da namiji.

Wata magana da ba zan tsallake ba. Duk nau'in mesa yana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, Najeriya kuma tana da dokarta ta kare namun daji masu fuskantar ƙarewa tun 1985. Ka je ofishin kula da gandun daji da namun daji na jiharka ka ji matsayin abin da kake riƙe da shi. Kuma idan yara suka haƙo maka mace mai ciki daga suri ko ramin dabgi, alheri shi ne a mayar da ita inda aka same ta. Macen da aka kamo da ƙwai a ciki tana daga cikin waɗanda suka fi riƙe ƙwansu saboda firgita.

Mataki na biyu: ka riƙe littafi

Mutane da yawa suna tayar da hankalinsu a kan macen da lokacinta bai yi ba, wasu kuma suna sakaci da wadda lokacinta ya wuce, duk don ba su rubuta komai ba. Abu uku za ka rubuta. Na ɗaya, ranakun da ka gan su a haɗe, wutsiya cikin wutsiya. Na biyu, ranar da ka ga tsakiyar jikinta ya kumbura sosai kamar ta haɗiyi babban ɓera alhali ba ta ci komai ba; wannan kumburin yini ɗaya yake yi ko ƙasa da haka ya sace, kuma alama ce ƙwayayen sun shiga jaka. Na uku, ranar da ta yi saɓa bayan wannan kumburin, wanda yakan zo bayan kamar mako uku. Daga ranar saɓar nan ka ƙirga wajen kwana 30. Wata takan riga da 'yan kwanaki, wata takan ƙara mako guda ko fiye, musamman idan wurin da sanyi.

A wannan tsakanin za ta daina cin abinci, kada ka tilasta mata. Za ka same ta wani lokaci ta kwanta da cikinta a sama ko a karkace. Ba ciwo ba ne. Ka raba ta da namijin, ka daina ɗaukarta sai da dalili.

Mataki na uku: wurin zuba ƙwai

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yanayin ƙasarmu yake cutar da mu. A daji mesa tana shiga cikin suri ko tsohon rami, wuri mai duhu, mai ɗan danshi, wanda zafinsa ba ya hawa da sauka sosai tsakanin dare da rana. Mu kuma macizanmu sukan zo zuba ƙwai ne a ƙarshen hunturu zuwa bazara, lokacin da iska ta bushe ƙayau, leɓe yana tsagewa, zafin rana a Kano da Jigawa yana haura digiri 40 a watan Afrilu. Macen da take cikin busasshen akwati a ɗakin kwano, ga ƙishirwa ga hasken rana ga yara suna leƙe, ba za ta zuba ƙwai ba. Za ta yi ta zagaye tana tura hanci a kusurwa, kwana ɗaya, kwana uku, kwana biyar, tana neman abin da babu. Kafin ta haƙura ƙarfinta ya ƙare.

Ga yadda nake yi. Tun ranar da ta yi saɓa nake shirya wurin, ba na jiran lokaci ya matso. Nakan sami tukunyar ƙasa mai faɗin ciki, wadda za ta iya naɗewa a ciki jikinta yana taɓa gefe-gefe, domin sun fi son wuri matsattse. In kifa ta, in fasa ƙofa a gefe daidai kaurin jikinta sau biyu, in goge bakin da dutse kada ya yanke ta. Robar da take da murfi ma tana yi, amma tukunya ta fi riƙe sanyi da danshi. A ƙarƙashi nakan shimfiɗa yashin rafi wanda na wanke na shanya, in gauraya shi da ruɓaɓɓen ganye, kaurin kamar yatsa huɗu. Awon danshinsa a hannu yake: ka damƙa, ya dunƙule, amma kada ruwa ya ɗiga. Idan ya ɗiga ya yi yawa, zai ruɓar da ƙwai ya kuma sa mata ƙuraje a ciki. Kada ka ɗebo ƙasar gonar da aka yi wa feshi ko aka zuba wa takin zamani, kada kuma ka yi amfani da garin katako mai ƙamshi ko wanda ya taɓa man inji. Duk bayan kwana biyu ka sa hannu ka ji, in ya fara bushewa ka yayyafa ruwa ta gefe.

Kejin gaba ɗaya ya koma ɗakin ƙasa, irin na soro ko na ciyawa, ba na kwano ba. Ka sayi ma'aunin zafi, irin ƙaramin nan mai batir da masu ƙyanƙyasar kaji suke amfani da shi, wanda yake nuna zafi da danshi tare. Ka ajiye shi a ƙasa inda take kwanciya, ba a bango ba. Abin da ake nema shi ne gefe ɗaya na kejin ya kasance wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen 26 zuwa 27, ita ta zaɓa. Idan dare ya yi sanyi, gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a jikin kejin daga waje ta wadatar. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe maciji kamar yadda yake kashe mutum. Idan rana ta yi zafi, ka jiƙa buhun algarara ka rufa a kan rabin kejin, ka yayyafa wa daɓen ɗakin ruwa.

Ruwan sha kuwa kada ya yanke ko na yini ɗaya. Kwano mai nauyi wanda ba za ta kifar ba, mai faɗin da za ta shiga idan ta so, a sauya ruwan kullum. Na ga macen da babu abin da ya hana ta zuba ƙwai sai ƙishirwa.

Sai sirri. Kawuna, wanda ya daɗe da macizai kafin a haife ni, yakan ce mini, "Ɗana, mai naƙuda ba ta son taro, ko mutum ce ko dabba." Ka rufe ɗakin, ka hana yara da masu zuwa kallo, ka kori kaji da kyanwa. Kai kanka sau biyu a rana ya isa, da asuba da bayan magariba, ka ɗaga gefen tukunyar kaɗan ka duba ka mayar.

Mataki na huɗu: ranar zubawa da yadda ake gane an sami matsala

Yawanci da dare ko da asuba suke yi, kuma aikin yakan ɗauki sa'o'i. Ƙaramar mesa takan zuba tsakanin 4 zuwa 8, wani lokaci fiye. Babbar mesa tana iya zuba 20 zuwa 50. Idan ka tarar tana cikin yi, ka mayar da murfi ka fita. Tsaiko na awa ɗaya ko biyu tsakanin ƙwai da ƙwai ba komai ba ne.

Wadda ta gama za ka gan ta ta naɗe ƙwayayen tsaf, kanta a sama, bayan jikinta ya sace har fatar ta yi naɗi. Washegari ka wanke hannu, wani ya riƙe maka kanta da ƙyalle domin a wannan lokacin tana sara, ka warware ta a hankali daga wutsiya. Ka bar ta ta bi ta cikin tafin hannunka da kanta, yatsunka suna taɓa cikinta kawai ba tare da dannawa ba. Ƙwan da ya rage za ka ji shi kamar dunƙulen dankali a kashi na ƙarshe na jikinta. Babbar mesa kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ce ko biyu. Wadda ta kai mita 3 sai da manya uku a ƙalla.

Ka ɗauka akwai matsala idan ta zuba wasu ta tsaya, ga kumburi a bayyane, har awa 24 ta wuce babu ƙari. Haka nan idan tana ta yunƙuri, wutsiya tana ɗagawa, mafita tana buɗewa, ba abin da yake fitowa. Ko kuma lissafinka ya wuce da mako biyu tana ta zagaye ba ta zauna ba. Ka duba ƙwayayen da ta zuba ma. Idan akwai ƙanana, rawaya, masu tauri kamar kakin zuma, waɗannan marasa ɗa ne, kuma irinsu sun fi maƙalewa.

Akwai alamomin da ba a kwana da su: wari ko ruwa mai launin ƙasa ko jini daga mafita, jan nama ya leƙo waje, jiki ya saki ba ta iya riƙe hannunka, ko tana buɗe baki tana numfashi. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ka tsallake mataki na biyar, ka kama hanya.

Mataki na biyar: abin da za ka iya yi a gida, yini ɗaya kawai

Idan tana da kuzari, harshenta yana fita, ba wari ba jini, kana da yini guda. Ka fara da gyara abin da ya ɓaci: ka auna zafin wurin, ka ji danshin yashin, ka ƙara duhu. Sannan ka sami baho ka zuba ruwa mai ɗumi kaɗan, wajen digiri 28 zuwa 30. A hannu ba zai ji maka zafi ba ko kaɗan. In ka ji shi da ɗumi sosai to ya yi mata yawa. Zurfinsa kada ya wuce rabin kaurin jikinta. Ka sa ta ciki minti 20 zuwa 30, kana tsaye a kanta, domin gajiyayyen maciji yana iya nutsewa a ruwan da bai kai idon sawu ba. Sau da yawa za ka ga ta sa baki tana sha, kuma wannan shan yana daga cikin amfanin jiƙon. Ka mayar da ita tukunya ka rufe, ka bar ta har dare. Za ka iya maimaitawa sau ɗaya.

Iyakar abin da hannunka zai yi ke nan. Kada ka tura ƙwan. Kada ka zura tsinke, gashin kaza ko yatsa a mafita. Kada ka ɗura mata man gyaɗa, man ja, jiƙon sassaƙe ko wani magani ta baki, domin ƙofar numfashin maciji tana nan a ƙasan bakinsa daga gaba, abin zai tafi huhu.

Sai allurar naƙuda, wadda ake kira oksitosin. Ana samunta a shagunan magungunan dabbobi, kuma wanda ya saba yi wa akuya ko saniya zai ce maka kawo in yi mata. Ka ba shi haƙuri. Idan hanya a toshe take, allurar za ta sa jakar ta matse a kan abin da ba zai wuce ba har ta fashe, kuma ba mai iya sanin ko a toshe take sai an ɗauki hoto. Ko a hannun likita ma ba ta cika aiki a jikin maciji kamar yadda take yi wa dabbobi masu shayarwa ba.

Mataki na shida: zuwa wurin likita

Wannan shiri tun kafin ka haɗa su ya kamata ka yi shi. Malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya san shanu da tumaki da kaji, ba lallai ya taɓa duba maciji ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ka tambaye shi ya haɗa ka da wanda ya saba. A Kano za ka iya zuwa gidan zu na Audu Baƙo ka tambayi ma'aikata likitan da yake duba musu dabbobi masu jan ciki. A Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ka riƙe lambar waya, ka kira kafin ka taso, ka kuma tanadi kuɗin mota da na hoto tun da wuri, don kada ranar ta zo kana neman wanda zai sayi buhun gero.

Ka sa ta a jakar ƙyalle mai ƙarfi, irin rigar matashin kai, ka ɗaure bakin, ka sa jakar a bokiti mai murfi da aka huda, da ɗan jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa. Ka tashi da asuba kafin rana ta ɗaga. Kada a sa bokitin a but ko a kan injin mota ko a ɗaure shi a bayan babur cikin rana. Zafin minti talatin ya isa ya kashe ta. Ka gaya wa direba gaskiyar abin da ka ɗauko, in ya ƙi ka nemi wani. Ka tafi da littafinka, domin tambayar farko da likita zai yi ita ce yaushe ta zuba na ƙarshe.

Zai fara da hoto, ko na ƙashi ko sikanin, don ya san adadin da ya rage da girmansu da inda suke. Idan ta bushe zai yi mata ƙarin ruwa, wataƙila da kalsiyam. Idan hanya a buɗe take kuma ba a daɗe ba, yana iya gwada allurar naƙuda, wadda ta fi yin tasiri a cikin kwana biyu zuwa uku na farko. Wata dabarar ita ce ya sa allura ta fatar ciki ya zuƙe ruwan ƙwan da sirinji, ƙwan ya sace, ta iya fitar da ɓawon da kanta bayan yini ɗaya ko biyu. Ita ma tana son a zo da wuri, domin bayan 'yan kwanaki abin da ke cikin ƙwan yana daskarewa ya ƙi zuƙuwa. Idan ƙwan yana dab da mafita, yana iya sa mata maganin barci jikinta ya saki sannan ya lallaɓo shi, yana ganin abin da yake yi. In duk bai yiwu ba sai tiyata, a tsaga jakar a cire, ko a cire jakar gaba ɗaya idan ta lalace. Ka ga duk hanyoyin masu sauƙi da araha na wanda ya zo a kwana biyun farko ne. Wanda ya yi mako biyu yana jira, tiyata kawai ta rage masa, ita ma ba tabbas.

Abin da yake ruɗin mutane shi ne maciji yana da juriya. Za ta iya yin makonni da ƙwai a ciki tana motsi kamar lafiya lau, har ta karɓi abinci. Kada wannan ya sa ka saki jiki.

Idan jan nama ya fito, ko ga mace ko ga namiji bayan barbara (namijin maciji gabansa biyu ne, kuma wani lokaci ɗaya yakan ƙi komawa), babban aikinka shi ne kada ya bushe kada kuma yashi ya taɓa shi. Ka wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, ka jiƙa tsaftataccen ƙyalle da ruwan sukari mai kauri ka lulluɓe, yana rage kumburi. Ka cire yashi daga inda take, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle. Kada ka tura shi ciki, kada ka yanke. Ranar za ka kai ta.

Ƙwayayen da suka fito

Kada ka juya su kamar na kaza. Ɗan maciji yana manne wa saman ƙwan tun kwanakin farko, in ka kifa shi zai iya mutuwa. Ka sa ɗigo da fensir a saman kowanne kafin ka ɗaga. Waɗanda suka manne da juna ka bar su a haka. Da dare ka haska tocilar waya a jikin ƙwai: mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi.

Idan uwar lafiyarta ƙalau, ni na fi son a bar mata, ta fi mu iyawa. Tana matse su ko ta sassauta gwargwadon danshin wurin. Idan ta tafi asibiti kuwa sai ka yi reno da kanka. Ana son zafi ya tsaya wajen digiri 31 zuwa 32, da danshi sosai amma ba jiƙa ba, kuma na ƙaramar mesa sukan ƙyanƙyashe cikin kwana 55 zuwa 60. A bazara matsalarmu ba ɗumamawa ba ce, sanyayawa ce, domin zafin da ya daɗe sama da 35 yana kashe su. Nan dabarar tukunya cikin tukunya take da amfani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana tumatir da kayan miya har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Sai dai tana iya sanyayawa fiye da yadda ƙwai yake so, musamman da dare. Don haka ka gwada ta kwana uku da ma'aunin zafi a ciki kafin ka sa ƙwai, ka rage ko ka ƙara ruwan yashin har ka sami daidai. Ƙwayayen su zauna a roba mai murfi da 'yan huji, a kan yashi mai danshi, robar ce za ta shiga tukunya. Ka ɗora ƙafafun abin da ka ajiye ta a kai cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa da cinnaka.

Bayan ta rabu da su

Macen da aka ɗauke wa ƙwai, ka wanke jikinta da ruwan ɗumi, ka wanke kejin, ka sauya shimfiɗa. Muddin tana jin ƙamshin ƙwan za ta ci gaba da naɗewa a kan wofi tana ƙin abinci. Bayan mako guda ka ba ta ƙaramin ɓera wanda aka riga aka kashe, domin rayayye yana iya cizon wadda ba ta da ƙarfi. Ka rinƙa ƙara girman abincin sannu a hankali kana auna ta duk wata. Wadda aka yi wa tiyata a ajiye ta a kan takarda ko ƙyalle mai tsafta, ba yashi, ba jiƙo, har likita ya cire zaren, wanda a jikin maciji yakan ɗauki mako shida ko fiye saboda fatarsu ba ta saurin haɗewa. Duk lokacin da ka taɓa ta ko kejinta ka wanke hannu da sabulu, domin kashin maciji yana ɗauke da ƙwayar cutar da take sa zawo da zazzaɓi, kuma ta fi illa ga ƙananan yara.

Wadda ta taɓa maƙalewa tana iya sakewa. Ka ba ta hutun shekara guda cur, kada ta ga namiji sai nauyinta ya koma yadda yake kafin ta ɗauki ƙwai, kuma ka tambayi likitan da ya duba ta ko jakar da ta rage za ta iya ɗauka. Baƙin macijin gida kuwa sai ka ƙara sa ido, domin macen tana iya zuba ƙwai sau da yawa a shekara ɗaya idan aka bar ta da namiji, har ta rame ta ƙare. Ita kejinta daban, nasa daban, sai lokacin da ka ga jikinta ya cika.